An Gwada Shi a Kan Ɓera: Me Wannan Magana Take Nufi?



Wataƙila ka taɓa tsayawa ranar kasuwa kusa da mai tallar magani da lasifika. Ga kwalabe da ƴan fakiti a gabansa, wasu da hoton kwakwar manja, wasu da hoton dabino. Yana ta cewa wannan abinci ne mai ƙara lafiya, daga manja tsantsa aka yi shi, yana maganin hawan jini da ciwon suga, yana wanke jini, yana ƙara ƙarfi. In wani ya nuna shakka, sai ya ɗaga kwalbar sama ya ce, "Masana sun gwada shi a ƙasar waje. An gwada a kan ɓeraye, ba shi da illa ko kaɗan."

Daga nan sai mutane su rabu biyu. Wasu su yi dariya su ce, "To, ni ɓera ne?" su yi gaba. Wasu kuma da jin an ambaci masana sai su sa hannu a aljihu. A ganina duka biyun ba su fahimci maganar ba, kuma rashin fahimtar yana jawo hasara.

Na taɓa jinyar wani dattijo mai ciwon suga da aka kawo mana a amalanke. Ƙafarsa ta ruɓe har sai da aka yanke yatsu biyu. Da muka tambayi ɗansa, sai ya fito da wata kwalbar jajayen ƙwayoyi daga aljihu. Ya ce wata uku ke nan tsohon ya ajiye maganin asibiti ya koma shan waɗannan, domin an ce masa na abinci ne, kuma an gwada su. Mai yiwuwa ƙwayoyin ba su cuce shi da kansu ba. Barin maganinsa ne ya cuce shi, kuma kalmar nan "an gwada" ita ta sa ya bari.

Ga ra'ayina tun da farko. Gwada sabon abinci a kan dabbobi kafin a sayar wa mutane abu ne mai kyau, kuma ya kamata mu riƙa nemansa. Amma gwajin ƙofar farko ce kawai. Yana nuna ko abu yana cutarwa, da yawan da yake fara cutarwa. Ba ya tabbatar da cewa abin zai warkar da kai. Bari in bayyana dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Manja da abin da ake cirowa daga cikinsa

Itacen kwakwar manja asalinsa na Afirka ta Yamma ne. Yana son ruwa da yawa, shi ya sa manjan da ke kasuwanninmu daga kudu yake zuwa, daga ƙasashen gaɓar teku. Amma a yau ƙasashe biyu na Asiya, wato Indonesiya da Maleshiya, su ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya. A can ne aka fi yin bincike a kansa, a can ne kuma ake yin yawancin sababbin kayan da muke magana a kai.

Jan launin manja yana zuwa ne daga wani sinadari mai suna karotin, irin wanda ke cikin karas da mangwaro da kabewa. In ka ci shi, jikinka yana mai da shi bitamin A. Wannan bitamin shi ke kare yaro daga dundumi, yana kuma taimakonsa ya jure wa ƙyanda da zawo. A Burkina Faso an riƙa ba mata da yara jan manja kaɗan a cikin abinci, aka ga bitamin A ya ƙaru a jininsu. Saboda haka manja abinci ne mai albarka. Sai dai kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, irin wanda in ya yi yawa yake ƙara kitse a jini. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Yanzu kamfanoni suna tace manja su ciro abu guda daga cikinsa, su tara shi da yawa a wuri ɗaya. Wasu suna ciro karotin. Wasu suna ciro wani nau'in bitamin E da ake kira tokotiriyenol, su zuba a ƙwayoyi. A Maleshiya har ruwan da yake ragewa bayan an matse mai, wanda a da ake zubarwa, an gano yana ɗauke da wasu sinadarai, ana tace su ana yin abin sha. Irin waɗannan kaya su ake kira abinci mai ƙara lafiya. Suna tsakanin abinci da magani.

A nan ne maganar take. Mutane sun yi shekaru dubbai suna cin manja a miya, kowa ya san halinsa. Amma ba wanda kakansa ya taɓa haɗiye ƙwaya ɗaya mai ɗauke da abin da aka tattaro daga cokula masu yawa na manja, safe da yamma, wata da watanni. Ka tuna da kanwa. Ƴar kaɗan a tukunya tana nunar da wake. Amma kunun kanwa mai yawa kullum yana iya kumbura mai jego, ya gajiyar da zuciyarta. Kanwar ɗaya ce, yawan ne ya bambanta. Don haka in an ce maka, "Ai daga manja aka yi shi," wannan bai isa hujja ba.

Yadda ake yin gwajin

Ɓerayen gwaji ba irin na rumbu ba ne, wanda wasunmu ke kira kusu. Ana kiwonsu musamman a ɗaki mai tsabta, an san iyayensu, an san shekarunsu da nauyinsu, ana auna abincinsu da ruwansu. Akwai ƙa'idodin da wata ƙungiyar ƙasashe mai suna OECD ta tsara, waɗanda ɗakunan gwaji na kirki suke bi a ko'ina cikin duniya.

Gwaji na farko gajere ne. Ana ba ƴan ɓeraye kaɗan abin da yawa sau ɗaya, sau da yawa har miligiram 2000 ga kowane kilo na nauyin jiki, sa'an nan a zuba musu ido kwana 14. In ba wanda ya mutu ko ya yi ciwo, an san abin ba guba ce mai kashewa nan take ba. Iyakar abin da aka sani ke nan.

Gwaji na biyu shi ne na kwana 28, na uku kuma na kwana 90. A na kwana 90 ana raba ɓeraye aƙalla kashi huɗu, kowane kashi maza 10 da mata 10. Kashi ɗaya ba a ba su komai sai abincinsu, domin a sami abin kwatanci. Sauran ukun ana ba su abin kowace rana: waɗannan kaɗan, waɗancan matsakaici, na ƙarshe da yawa ƙwarai. Ana auna nauyinsu kowane mako. Ana lura da cinsu, da tafiyarsu, da idanunsu. A ƙarshe a ɗebi jininsu a auna, a kashe su ba tare da azabtarwa ba, a buɗe cikinsu, a auna hanta da ƙoda da zuciya da sauran kayan ciki, a yanka su siriri a duba a madubin likita. Ɓera yakan yi shekara 2 zuwa 3 a duniya, saboda haka kwana 90 babban rabo ne na rayuwarsa.

Akwai kuma wasu gwaje-gwaje na dabam. Ana ba dabbobi masu ciki domin a ga ko ƴaƴan za su fito da naƙasa. Ana kuma yin na shekara 2 domin a ga ko abin yana kawo ciwon daji, wato kansa.

Abin da ake nema daga wannan aiki duka shi ne adadi guda: mafi yawan abin da aka ba ɓera kullum ba a ga wata illa ba. In an same shi, ba a cewa mutum ya sha daidai wannan. Ana raba shi gida 100. Goma na farko domin mutum ba ɓera ba ne, goma na biyu domin mutane ba ɗaya suke ba, akwai yaro, akwai tsoho, akwai mai ciwon ƙoda. Ga misali, a ce ɓera ya jure miligiram 1000 ga kowane kilo. In an raba gida 100 ya zama miligiram 10. Mutum mai kilo 60 zai iya shan miligiram 600 a rana, wanda bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Yaro mai kilo 10 kuwa miligiram 100 ne rabonsa.

Ka ga ke nan gwaji na gaskiya ba ya ƙarewa da "ba shi da illa". Yana ƙarewa da "ba a ga illa ba in ba a wuce kaza ba". Duk mai tallar da ya ce ka sha yadda kake so domin an gwada, ya juya maganar masana a kanta.

Me ya sa nake goyon bayan gwajin

Dalilina na farko shi ne abin da ya faru lokacin da ba a gwada ba. A shekarar 1937, a Amurka, wani kamfani ya narkar da magani a cikin wani ruwa mai zaƙi, ya sayar ba tare da ya gwada a kan dabba ko ɗaya ba. Ruwan nan guba ne mai lalata ƙoda. Fiye da mutum 100 suka mutu, da yawa yara ne. Da aka ba dabbobi ruwan daga baya, cikin ƴan kwanaki aka ga abin da yake yi. A shekarar 1938 aka kafa doka cewa dole a nuna sabon magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Wannan guba ɗin ce dai ta sake shiga maganin haƙoran yara a Najeriya a 2008, da maganin tari a Gambiya a 2022, yara da yawa suka rasu. In ba a gwada a ɗakin gwaji ba, to, a jikin ƴaƴanmu ake gwadawa, ba tare da mun sani ba.

Dalili na biyu, gwajin ya riga ya nuna abubuwan da ido ba zai gani ba game da kayan manja kansu. A Japan an ba ɓeraye tokotiriyenol, wato bitamin E ɗin nan na manja. Waɗanda aka ba kaɗan ba a ga komai a jikinsu ba. Waɗanda aka ba da yawa na tsawon lokaci, hantarsu ta canza, wasu mazan kuma jini ya tsinke musu a ciki. Dama an san bitamin E in ya yi yawa yana hana jini daskarewa da wuri. Wannan ilimi ne mai amfani ga mace mai jiran haihuwa, da wanda za a yi wa aiki, da mai shan maganin tsinka jini. Ba ɓera ba, da wa zai faɗa mana?

Ga wani misali. In ana tace manja a masana'anta domin a mai da shi farin mai, ana dafa shi da zafin da ya wuce digiri 200. A wannan zafi wasu sinadarai marasa kyau suna haifuwa a cikin man. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna ɗaya yana taɓa ƙoda, ɗaya kuma yana iya kawo ciwon daji. A shekarar 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi a kai, a 2018 aka fara sa iyaka ta doka, masana'antu kuma suka gyara yadda suke tacewa domin su rage su. Ba wanda ya taɓa ɗanɗana waɗannan sinadarai a bakinsa ya gane su. Dabbobin gwaji ne suka tona asirinsu.

Misali na uku ya shafi ɗan'uwan giginyarmu. A Siri Lanka akwai wata giginya ta Asiya da suke cin tsironta, kamar yadda ake cin muruci a wajen Gaya. Suna busarwa su yi gari. A 1971 masana suka ciyar da ɓeraye da garin nan a matsayin babban abincinsu, sai ɓerayen suka kamu da ciwon jijiya da na hanta, wasu suka mutu. Wannan ba hujja ba ce ta barin muruci, domin itacen dabam ne, kuma ba wanda yake rayuwa a kan muruci kaɗai. Darasin shi ne, ko abincin gargajiya in aka mai da shi gari ko ƙwaya, aka ce a sha da yawa kullum, ya zama sabon abu, yana bukatar a duba shi.

Amma ɓera ba mutum ba ne

Wanda ya ce "ni ɓera ne?" yana da rabin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ɓera ba ya amai. Ba shi da matsarmama. Jikinsa yana yin bitamin C da kansa, mu kuwa sai mun ci. Yadda hanjinsa yake sarrafa karotin ma ba irin namu ba ne. Ko a tsakanin dabbobi akwai bambanci: farasitamol da muke ba yaro mai zazzaɓi yana iya kashe kyanwa.

Saboda haka akwai illar da ɓera ba ya nunawa. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a ƙasashe da yawa, mata masu ciki suna sha domin laulayi. Ɓeraye sun jure shi sosai. Amma aka haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Sai daga baya aka gwada shi a kan zomaye masu ciki, aka ga irin naƙasar. Tun daga lokacin ake neman a gwada sabon magani a kan dabba mai ciki, kuma a kan iri biyu na dabbobi. Ka lura da abin da masana suka yi: sun ƙara gwaji, sun kyautata shi. Ba su watsar da shi ba.

Akwai kuma amfanin da ake zato, amma in an zo kan mutum sai a ga akasinsa. An daɗe ana ganin masu cin ganye da kayan lambu sun fi tsira daga ciwon daji, aka yi zaton karotin ne dalili. Sai aka tattara wajen maza 29,000 masu shan taba a ƙasar Finlan, aka ba wasu ƙwayar karotin kullum na shekaru, wasu ba a ba su ba. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga ciwon dajin huhu ya fi yawa a cikin waɗanda suka sha ƙwayar, da kashi 18 cikin 100. Wani gwaji a Amurka ya nuna irin haka, aka tsayar da shi a 1996. Karotin na cikin miya bai cuci kowa ba. Wanda aka tara a ƙwaya shi ya cuci masu shan taba. Da an tsaya a kan dabba, da ba a san wannan ba.

Haka zancen ciwon suga yake. Gaskiya ne a Amurka an ba wani irin ɓeran daji na Afirka, mai saurin kamuwa da ciwon suga, ruwan da aka tace daga kwakwar manja, aka ga ya rage musu kamuwa. Labari ne mai daɗi, kuma dalili ne na ci gaba da bincike. Amma hana ƙaramin ɓera kamuwa a cikin keji dabam, warkar da dattijo mai shekara 10 da ciwon dabam. Kafin a ce abu yana maganin ciwo, sai an gwada shi a kan mutane masu yawa da suka yarda da kansu, a kwatanta su da waɗanda ba su sha ba, likitoci suna lura. Wannan ita ce ƙofa ta biyu, kuma kaya da yawa da suka wuce ta farko a nan suke tsayawa.

Sauran abu ɗaya. Ko gwajin ya yi kyau, abin da aka gwada a Maleshiya shi aka gwada. Ba a gwada kwalbar da ke hannun mai talla ba, wadda ta yi wata shida a rana, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa. A Sifen, a shekarar 1981, masu yawon talla suka sayar da wani man girki mai araha a cikin jarkoki marasa suna. Ashe man masana'antu ne aka tace. Wajen mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu. Takardar gwaji ba ta bin kaya zuwa kasuwa sai in akwai hukuma mai sa ido.

To, dabbobin fa?

Wani zai ce, "Ba zalunci ba ne a kashe dabba saboda kasuwanci?" Tambaya ce ta mai imani, domin a coci da masallaci duka an koya mana tausayin dabba. Ni ma ba na ɗaukar abin da wasa. Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Rasel da Bac, suka kawo ƙa'idodi uku da ake bi har yau: in akwai wata hanya ba tare da dabba ba, a bi ta, in dole ne, a yi da mafi ƙarancin dabbobi, a kuma rage musu wahala iyakar iyawa. Yanzu ana yin wasu gwaje-gwajen a kan ƙwayoyin halitta a cikin kwalba, kuma ina fatan wannan ya ƙaru. Amma kwalba ba ta da hanta da ƙoda da mahaifa masu aiki tare. Muddin haka ne, in aka ba ni zaɓi tsakanin ɓeraye 80 a ɗakin gwaji da yaran gari guda, na san wanda zan zaɓa. Abin da nake ƙi shi ne a kashe dabbobi a gwajin banza, wanda aka yi don talla kawai.

Abin da gwajin ya koya mana game da tukunyarmu

Kada ka ɗauka wannan ilimi na masu sayen ƙwayoyi ne kaɗai. Akwai abu biyu da suka shafi kowane gida.

Na farko, man da aka maimaita suya da shi. A jami'ar Kalaba ta Najeriya da kuma a Maleshiya an ciyar da ɓeraye da manjan da aka dafa sau da yawa, wasu kuma da sabo. Waɗanda suka ci mai maimaici jininsu ya hau, jijiyoyin jininsu suka lalace fiye da na masu cin sabo. Zafi mai yawa kuma yana kashe karotin. In kin bar manja a wuta har ya yi hayaƙi ya yi fari, kin ƙona bitamin ɗin da kika saya da kuɗinki. Ke mai ƙosai, ke mai awara, in mai ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, lokacin zubar da shi ya yi. Na san mai yana da tsada. Ki riƙa zuba kaɗan kaɗan, daidai suyar ranar.

Na biyu, rini. Wasu marasa tsoron Allah suna zuba jan rini a manja mara kyau domin ya yi kama da na gari. Rinin nan, wanda ake kira Sudan 4, na fenti ne da man takalmi da makamantansu. Suna ne kawai, ba ruwansa da mutanen Sudan. An hana sa shi a abinci domin gwajin dabbobi ya nuna rini irinsa yana iya kawo ciwon daji. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta auna manja daga kasuwannin Akara, ta sami rinin a kusan duk abin da ta auna. Ido kaɗai ba ya iya tabbatarwa. Amma in manja ya cika ja fiye da kima, ga araha, ga shi ba ƙanshin manja, ki bar shi. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin muna rububin mafi ja da mafi araha, masu rini ba za su daina ba.

Shawarata gare ka

In an kawo maka abinci mai ƙara lafiya, na manja ne, ko na dabino, ko na goriba, ka yi waɗannan tambayoyi. Matambayi ba ya ɓata.

1. Wane ne ya yi shi? Akwai sunan kamfani da ƙasa, da ranar lalacewa, da lambar hukumar da ta yarda a sayar?
2. An ce an gwada. A kan me, dabba ko mutum? An gwada illa ce ko an gwada warkarwa?
3. Nawa ake sha a rana, kuma har kwana nawa? Abin da ba shi da iyaka a rubuce, kada ka sha.
4. An rubuta waɗanda bai kamata su sha ba? Kaya na gaskiya yakan faɗi haka.
5. Cuta nawa aka ce yana warkarwa? In sun kai goma, ka riƙe kuɗinka.

Bayan haka, ga abin da nake roƙonka. Kada ka bar maganin hawan jini, ko na suga, ko na tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau saboda wata ƙwaya ta kasuwa. Mace mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro kada su sha irin waɗannan kaya sai likita ya gani. Mai shan taba ya nisanci ƙwayar karotin, ya fi kyau ma ya bar tabar. In ka riga ka saya, ka zo da kwalbar asibiti mu duba tare, ba wanda zai yi maka faɗa. In kana sha sai ka ga idonka ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu, ko jiki ya kumbura, ko jini yana fita daga hanci ko dasashi, ka daina nan take ka zo, da kwalbar a hannunka.

Kuɗin da za ka ba mai lasifika kuwa, ka kai su wurin mai kayan miya. Ƙaramin cokali ɗaya na jan manja mai kyau a abincin yaro, tare da zogale, da kabewa, da wake, da ƙwai in an samu, abu ne da aka riga aka gwada a kan mutane aka ga amfaninsa. Ku kuma kai yara daga wata 6 zuwa shekara 5 a ɗiga musu bitamin A kowane wata shida, kamar yadda ma'aikatan lafiya suke yi.

Shugabannin jama'a, fastoci da limamai, da shugabannin zumuntar mata, ku ma kuna da aiki. Masu irin wannan talla sukan nemi a ba su dama su yi magana bayan sujada ko bayan salla, domin sun san mutane sun amince da ku. Kafin ku ba kowa wuri, ku yi masa tambayoyin nan biyar, ku kuma aika kwalbar asibiti a duba.

Dattijon da na ba ku labarinsa ya koma kan maganinsa, ƙafar ta warke, yana zuwa awo kowane wata da sandarsa. Ran nan ya ce mini, "Malam, da na san ɓera kawai aka tambaya, da na zo na tambaye ku." Kai ma in ka ji an ce an gwada a kan ɓera, ka ce madalla, an yi aikin farko. Sa'an nan ka tambaya ina na biyun.

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mana iyalanmu. Amin.